Murfin Da Ke Riga Shi Isa

Kai da kake cewa mutum ɗaya mai gaskiya ya isa ya gyara wuri, zauna ka ji. An yi wani mai duba wuraren aiki a wani gari na masu casar shinkafa, aikinsa ya tabbatar inji bai ci lebura ba. Da can su shida ne a ofishin. Wannan ya yi ritaya, wancan ya rasu, aka ɗauke wasu zuwa birni, har ya rage daga shi sai tsohon babur ɗinsa. Duk shekara ya kai kuka a ɗaukar masa ko mutum ɗaya, sai a ce bana an rufe ɗaukar ma'aikata, ya ƙara haƙuri. Doka kuwa ta ce kowane inji a rufe bel ɗin da ke juya shi da murfin ƙarfe, don bel bai san riga ba, bai san hannu ba. Injunan a jere suke, bayansu lungu. Ya shiga na farko ya tarar da murfi tsaf, na biyu ma haka, har ƙarshen layi. Sai wata rana ya lura duk murfin da ya gani lotsawarsu ɗaya, ɗigon shuɗin fentinsu ɗaya. Ashe murfi ɗaya ne tak! Kafin ya gama gaisawa da mai injin gaba, an kwance shi an zagaya da shi ta lungu. Wallahi ranar ji ya yi kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Ya gwada farawa daga ƙarshen layi, ƙarar babur ta tona shi. Ya zo a ƙafa, waya ta riga shi. Ya garƙame ɗakin inji ɗaya, yana juya baya aka buɗe, don sun san kafin ya sake zagayowa sai ya gama da masu walda da gidajen burodi da masu fasa dutse. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba, abokin aiki ne da zai tsaya a can yayin da shi yake nan, kuma bai samu ba. Ran nan yana tsaye a inji na farko, yana kallon murfin nan da ya sani kamar yunwar cikinsa, sai ihu ya tashi daga ƙasan layi. Bel ya kama hannun rigar wani magidanci mai zuba shinkafa, ya tafi da hannun har gwiwa. Kuma daga injin da mutumin ke aiki aka kwance murfin da safen nan, don a kawo wa mai duba ya gani. Mai duban da kansa ya goya mutumin a babur zuwa asibiti, jini na jiƙa masa baya, yana ta salati. Washegari ya koma ofis da kukan da ya saba, aka yi masa jaje, aka ce bana ma an rufe.

Gaskiyar masu iya magana da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.