Motar da Ba Ta Ƙoshi

Duk wanda ya fara yaɗa cewa motar dizal ba ta shan mai, maƙaryaci ne, kuma Auta ya rantse ko a gaban alƙali sai ya faɗa. Wata huɗu ke nan yana faɗin haka kowace safiya, da ya kunna mota ya ga allurar mai ta yi ƙasa kamar mai jin kunyar haɗa ido da shi.

Auta mai ɗaukar hoto ne, shekara arba'in, 'ya'ya uku, amma a gidansu har gobe Auta ne. Da yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajera har tana shafar ƙasa, wadda in ya taka ta mutanen layi sukan san ya fita tun kafin ya kai kwana. Tana shan fetur, ba wanda ya musa. Amma tana sha a fili, da ƙara, mutum ya ji inda kuɗinsa ya tafi.

Baba ne ya raba su. Tun da ya bar aiki ya dawo ɗakin baya na gidan Auta, ba shi da abin yi sai ɗan lambunsa na bayan katanga, da wani tsohon injin ban-ruwa da ya shekara a lulluɓe da leda, da kuma ba da shawarar da ba a nema ba.

"Auta, ka girma," ya ce wata rana suna karyawa. "Mota kujera biyu, kai da wa? Ka nemi mai dizal. Lita ɗaya sai ta kai ka inda waccan take cinye biyu."

Matar Auta ta goyi baya, don ta gaji da naɗe ƙafa kamar kaya. Auta ya yi gardamar sati guda, sannan ya miƙa mukullin jar ga dillali, ya ƙara kuɗi a kai, ya dawo da wata farar mota mai faɗin baya, mai tafiya kamar tana tunanin rayuwa.

Baba ya fi kowa murna. Ya ce shi zai riƙa wanke ta, wai likita ya ce ya motsa jiki. Kullum da safe, Auta na wanka, tsoho na gareji da bokiti da mukulli. Baba yana fitowa yana tauna kanumfari, sabon halin da ya tsira, motar na sheƙi. Tiyon wanke motar ma har ya gajarce, Baba ya ce ɓera ne ya ci bakinsa, shi kuma ya yanke.

Sai dai farar ba ta ƙoshi. A cika ta ranar Litinin, kafin Alhamis allura ta wuce rabi, alhali daga gida sai shago sai makarantar yara. Auta ya kai ta wajen bakanike. Bakanike ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu.

"Maigida, ko ɗigo ba ta zubarwa. Injin nan ya fi ni lafiya."

"To ina man yake zuwa? Aljanu ne ke sha?"

"Ƙila ƙafarka ce har yanzu take zaton jar ce."

Auta ya koyi taka mota kamar mai taka ƙwai. Ya daina kunna na'urar sanyi, yana isa shago riga jiƙe. Ya canja gidan mai sau uku, a na biyun har ya kusa cin kwalar mai zubawa, yana cewa famfonsu iska yake hurawa. Masu keke suka riƙa wuce shi a hanya. Abokansa na da, in sun gan shi, sai su tambaya ko gaisuwar mutuwa za shi. Allura dai ba ta fasa halinta ba.

Abu ɗaya ke sanyaya masa rai: gidan ya yi albarka. Ana tsakiyar rani amma lambun Baba ya yi kore shar, ƙarar injin ban-ruwa na tashi bayan katanga har azahar. Tumatir da latas suna shigowa kicin kyauta. Tsoho ma ya daina tare shi a bakin ƙofa yana cewa a ba shi ɗan wani abu na lambu.

"Ka ƙara haƙuri da ita," in ji Baba duk lokacin da Auta ya fara masifa. "Mota sai ta saba da mai ita."

A wata na biyar haƙurin ya ƙare. Bai gaya wa kowa ba, ya koma wajen dillali. Jar ta daɗe da tafiya, an ce wani yaro ne ɗan gata ke yawo da ita. Dillali ya karɓi farar a wulaƙance, ya ba shi wata ƙaramar shuɗiya mai fetur, mara kyau mara gudu, Auta ya sake ciko. Asara biyu ke nan a wata biyar, amma ya shigo gida ƙirji a buɗe, kamar wanda ya kori ɓarawo.

Baba ya fito daga lambu, ƙafa duk taɓo. Ya zagaya shuɗiyar sau ɗaya. Sannan ya buɗe murfin tanki da hannun da ya saba, ya sunkuya ya sansana, ya tofar da kanumfarin bakinsa.

"Fetur," ya ce, ransa a ɓace. "Kai dai ba ka shawara. Injina dizal yake sha. Yanzu da me kake so in yi ban-ruwa?"

Motar dizal dai ta rage wa wani kashe kuɗi a gidan nan, wata biyar cur bai sayi ko lita ɗaya ba. Wanda ya isa ya zo ya musa.