Ragon da Aka Ce Lafiyarsa Lau

Kai da kake ta ɗora wa likita laifi, tsaya ka ji na wani manomi. Bawan Allahn nan bai taɓa layya da ragon kansa ba, kullum sai dai maƙwabta su aiko masa da nama. Bana ya ce ya gaji. Ya turke rago tun kaka, ya yi ta ɗura masa dusa har wuya ya yi kauri. Sallah ta matso, sai rago ya sake hali. Ya daina tuƙa, yana cizon haƙora, yana harbin cikinsa da ƙafar baya. In ya tashi fitsari sai ya gantsare, ya yi ta nishi yana kaɗa wutsiya, da ƙyar ɗigo ya fito. Manomi ya ga duk wannan da idonsa, hankalinsa ya tashi, ya aika aka kira likitan dabbobi.

Ya fito da rago ƙofar gida, maƙwabta suka kewaye su ana kallo. Nan fa zuciya ta raya masa: yanzu a gaban waɗannan zai ce ragonsa ba lafiya, gobe a yi da shi a majalisa? Shi kuwa rago, kamar yadda tumaki suke in sun ga baƙi, ya daure ya tsaya ƙyam. Likita ya shafa shi, ya tambayi yadda yake ci, da tuƙa, da fitsari, ya ce, "Dabba ba ta da baki, halinta shi ne maganarta, kai ne tafintanta." Gogan naka ya ce, "Lafiya lau, sai godiya, dubawa ce kawai." Kai ka ce gaisuwar safe ake yi! Abin haushi, har sau uku ana tambayarsa yana maimaita wannan lafiya lau ɗin. Likita ya ba da maganin tsutsar ciki, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ashe tsakuwa ce ta toshe mafitsara. Da ya faɗa, da an san abin yi. Kafin Sallah ta zo mafitsara ta fashe a ciki, rago ya kwanta, aka yanka shi a gurguje don kada ya yi mushe. Maƙwabtan nan da ya ɓoye wa su suka zo taya shi fiɗa. Ana farke ciki zarni ya buge kowa, suka ja da baya suna toshe hanci, nama bai ciwu ba. Ranar Sallah yana zaune a zaure, kansa a ƙasa, aka yi sallama: ga nama in ji maƙwabci, kamar kowace shekara.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.