Kunnen Malam Tabuchi

"Tsaya! Kin sake kaucewa!"

Malam Tabuchi ya sauke ƙaramin gogensa daga kafaɗa. Saura kwana kaɗan su hau dandamali a birnin Kanazawa da kiɗan sonata da ya shekara talatin yana kaɗawa tare da matarsa Fumie, shi da ƙaramin goge, ita da babba. Ga Fumie zaune da karyayyen hannu, ga Kanae, makaɗiya ta uku da aka kawo ta maye gurbinta.

Kanae ta rusuna. "Malam, a yi haƙuri, amma sautina daidai yake."

"Daidai? 'Yar jiya-jiya za ki koya mini ji?"

"Baban Riko, sha shayinka tukuna," in ji Fumie.

Ya fice a fusace. Yana sa takalmi a bakin ƙofa ya jiyo shessheƙar yarinyar ta bayan ƙyauren takarda, sannan muryar matarsa ƙasa-ƙasa.

"Share hawayenki, 'yata, ke ce daidai. Sassauta tsirkiyoyinki kaɗan. Kunnensa ya daɗe da tafiya, duk shekara sautinsa ƙara sauka yake, ni kuma ina binsa."

"Mama, ba wanda ya gane?"

"Mu biyu ne kaɗai a dandamali. In mun kauce tare, wa zai ce an kauce?"

Tabuchi ya sandare da takalmi ɗaya a hannu. A duk Kanazawa ba abin da ake yabonsa da shi kamar kunne.