Ganyen Tsibirin Kirit

"Ki ce wa Mama ta zauna a kicin har baƙina su tafi," in ji yayata.

Sati ɗaya tak ta yi a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, su takwas da ɗan jagora, wai yawon sanin al'adu da girki. Tun da ta dawo Jos take yatsina, ko ruwanmu bai yi mata ba. Yau ta tara matan ofishinsu don su ga hotuna a talabijin.

Ga ta a gindin zaitun. Ga ta rungume da cuku sai ka ce jariri. Sai hoton wata tsohuwa mai baƙin kallabi, riƙe da wani ganye.

"Ita ta kai mu kan duwatsu tsinkar wannan ganye," in ji yayata. "Ku duba. Dubi hannayenta. Wallahi sai da na sumbace su, har da hawayena."

Matan suka yi ta jinjina kai. Ni kuwa da gangan na ƙi kai saƙon kicin.

Mama, mahaifiyarmu, ta shigo da tiren gwate, hannayenta duk kaushin shekara talatin na noman lambu a Vom. Ta ƙura wa talabijin ido.

"'Yar nan, ai alayyahu ne."

"Wace ce wannan?" in ji wata baƙuwa.

Yayata ta dubi hannayen da ke riƙe da tiren, ta kau da kai.

"Mai taya ni aiki ce."

Mama ta ajiye tiren a hankali, ta goge hannu da zaninta.

"Akwai sauran aiki, Madam?"