Tafin Hannun Kakan Mijinyawa

Sau uku Injiniya Mijinyawa ya canza hula kafin ya fito daga gidansa na unguwar Al Gharrafa a birnin Doha, kuma duk mai cewa iyayi ne bai san abin da ke gabansa ba. Ɗansa Suraj ya mato a kan Bilqis, wata ɗalibar digiri na biyu. Mahaifinta, Alhaji Ghali, ya iso daga Zariya, ya ce ba za a turo magabata ba sai ya ga irin mutanen da 'yarsa za ta shiga cikinsu. Yammaci ɗaya ya ba su.

"Baba, don Allah, yau ban da labarai," in ji Suraj a bakin mota.

Ka ji fa! Mutum ya shekara goma sha biyu yana nishaɗantar da baƙi kyauta, ɗan cikinsa ya kira abin labarai.

Bayan la'asar suka shiga Suk Wakif, tsohuwar kasuwar Doha, mai bangon ƙasa da azara a waje. Mijinyawa ya san sarai an sake gina ta bayan wata gobara, tun kafin shi ya zo ƙasar. Amma wa zai tsaya ya saurari wannan? Ya gyara babbar riga, ya buɗe hannuwa.

"Alhaji, bangon nan da kake gani, shekararsa ɗari huɗu."

Alhaji Ghali, ɗan siririn dattijo ne marar magana, hannunsa na hagu cikin aljihu yana jan carbi. Ya ƙwanƙwasa bangon da na dama, ya kara kunne, ya ce, "Ikon Allah."

Shi ke nan, Mijinyawa ya samu fili. Ƙamshin za'afaran da turaren wuta ya hau masa kai. Ya nuna ƙofar da 'yan fashin teku suka fasa. Ya nuna tagar da wata sarauniya ta yi shekara bakwai tana leƙe. Tsofaffin 'yan dako masu baro ma bai bar su ba, ya ce gadon sana'ar suka yi tun zamanin raƙuma. Suraj na biye da su yana sunkuyar da kai don kunya.

A wani lungu, tsoho mai sayar da shayin karak ya zuba musu ido, ya dafe ƙirji, ya rantse ba zai karɓi ko riyal ɗaya ba. Mijinyawa ya yi murmushin manya. Farin jini dai halitta ne, ba a sayensa.

"Yalla, mu je, saura babban abin," ya ce. Don zumuɗi har ya ɓata hanya, sai da ya hango baƙon nasa ya riga ya karya kwana, ya bi bayansa.

Bayan kasuwar masu sayar da shaho, can ƙasa-ƙasa jikin bango, akwai shatin tafin hannu a nutse cikin yaɓe. Na hagu ne, babu ƙaramin yatsa. Shekara tara da suka wuce Mijinyawa ya gano shi, kuma tun ranar ya mayar da shi na gidansu.

"Hannun kakan kakana ke nan," ya ce. "Da ƙafa ya taso aikin Hajji, hanya ta ɓace masa, ya zama mai nutso neman lu'ulu'u. Yatsan, kifi ne ya cinye shi. Mu muka gina Doha, Alhaji, ba a dai faɗa ne."

Suraj ya rufe ido. A ransa ya riga ya yi ban kwana da Bilqis.

Dattijon ya durƙusa, ya daɗe yana kallon shatin, kafaɗunsa na girgiza. Mijinyawa ya ɗauka kuka ne, ya fara laluben hankici.

"Kakanka ka ce, Injiniya?"

"Na wajen uba."

"Mutumin kirki ne?"

"Ba a yi kamarsa ba! Ga kyau, ga gaskiya. Ana cewa ni na ɗebo shi."

"To, khalas, magana ta ƙare. Ku turo magabata. Ai abin ya zama na gida, ba na hana jikana."

Mijinyawa ya kece da dariya ba tare da ya gane ba, ya juya zai yi wa Suraj gwalo. Sai dattijon ya saki carbi, ya zaro hannun hagu daga aljihu, ya ɗora a kan shatin. Ya zauna daram, yatsu huɗu cikin gurbi huɗu.

"Tsani ne ya zame da ni ranar da muke yaɓen nan, na dafa," ya ce. "Yatsan kuwa injin niƙa ne a Tudun Wada, ba kifi ba."