Kwalba ta Uku

Kwalabe uku Dakta ta ajiye a gaban mai kula da injin gwaji, ba suna a jikinsu sai lamba. Haka ƙa'idar aikin take: mai gwaji ba ya sanin na waye, don kada son zuciya ya shiga sakamako.

"Malam, ka bi min su a hankali," ta ce. "Musamman ta ukun."

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kafa raga a bakin wani tabki mai nisa da gari, tana kama tsuntsayen daji masu ƙaura. Kowanne takan sa shi a 'yar jakar yadi, ta cire kaskar da ta maƙale masa a gefen ido, ta sake shi. A cikin kaskar akwai ƙwayoyin cuta dangi-dangi, kowane dangi da zanensa na gado kamar zanen yatsa. Ashirin da uku ta gano, har da ɗaya da ba a taɓa gani ko'ina ba, wanda ya sa aka san ta. Ga ta da tsabtar tsiya. Ko jakunkunan ba ta yarda a wanke a wurin aiki, gida take kai su ta wanke da hannunta.

Da zazzaɓi ya kwantar da 'yarta mai shekara huɗu, aka kuma ga kaska a bayan kunnenta, Dakta ba ta wahalar da kanta da dogon tunani ba. Akurkin tantabarun surukarta yana nan ƙarƙashin tagar ɗakin yarinyar. Sau nawa ta ce a rushe shi? Tsohuwar sai ta yi dariya ta ce, "Ke da kike yini da tsuntsayen duniya, nawa guda goma ne suka tsone miki ido?" Kullum da hantsi takan ja hannun jikar su je watsa hatsi, tana kiranta ƙawata.

Kwana tara yarinyar ta yi, ta cika. Likitoci suka ce cutar kaska ce.

A gaban 'yan gaisuwa Dakta ta faɗi maganar, ba ta ko rage murya ba. "Inna, tantabarunki sun cinye min 'ya."

Washegari tsohuwar ta sa aka yanka su duka, ta ɗaure kayanta ta koma gidan 'yarta. Shekara biyu ba ta sake taka gidan ɗanta ba. An ce ko kukan tantabara ta ji sai ta tashi ta shige ɗaki.

Yanzu tsohuwar tana kwance, jiki ya ƙi, mijin Dakta kuma ya gaji da raba kansa biyu. "Uwata ce," ya ce mata. "Ko ki je ki durƙusa ki nemi gafararta, ko ki kawo min hujja. In babu ko ɗaya, zaman nan ya ƙare."

Hujja kam ta daɗe da tanadarta a ƙasan firiza. Kwalba biyu kaska ce da ta tsinto a akurkin kafin a rushe shi. Ta ukun jinin 'yarta ne, da ta karɓo a asibiti. Sabon injin da aka kawo yana karanta zanen gadon ƙwaya ko da ɗigo ɗaya ne. In zanen ya zo ɗaya, ta gama magana.

Ba wai tana son tsohuwar ta mutu da abin a rai ba ne. So take a ce ta yi gaskiya, don wannan gaskiyar kaɗai ta rage mata, ita take runguma tun ranar da aka fitar da yarinyar.

Kwana huɗu ta yi tana zirga-zirga a ƙofar ɗakin gwajin. A na biyar mai injin ya shigo ofishinta da takarda a hannu, baki har kunne.

"Ta ɗaya da ta biyu tas suke, Dakta, ba ƙwayar komai. Amma ta ukun, barka da arziki! Kin san dangin nan naki da ake ta musu wai ba ya kama mutum? To ga shi a jinin ɗan Adam, shi ne sak, wanda ba a samu sai a tsuntsayen tabkinki. Ban san mai jinin nan ba, amma ko dai ya je tabkin, ko kuma wani ne ya kai masa kaskar har gida."