Saƙo Arba'in da Uku

Tana ɗakin bincike ya shigo, ya zauna kusa da ita.

"Kawuna zai je gidanku ranar Asabar."

Ta juyo masa da kwamfutar. Manhajar hira ce da ta shekara tana koya wa magana da rubuce-rubucenta, shi yana taya ta gwaji. Buƙatarsa na nan a ajiye, sau arba'in da uku: "Rubuta mini saƙon soyayya." Amsoshin kuwa su ne saƙonnin da yake turo mata.

Ya ce, "Ban iya tsara zance ba ne, amma wallahi..."

"Ina ta murna na samu wanda ya san raina, ashe da bazata kake rawa. Ka ce wa Kawu ya huta. Ko shi ma sai na rubuta maka abin da za ka faɗa masa?"